Mutum da Gada a Kyamara ta Sha Bakwai

Laraba, 4 ga Maris

Zuwa ga 'yata Malamar Inji,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, ke da mahaifiyarki. Ki ce mata ɗan'uwanta na daji yana nan da ransa, ko da yake ta manta da shi tun da ta samu 'ya mai aiki a ofis mai sanyi. Mu nan lafiya lau, sai gwiwar nan tawa da ke yi min tsiya idan na hau tudu. Innarki tana gaishe ki, ta ce in tambaye ki ko kina cin abinci kuwa, don a hoton da kika aiko kamar an rataye riga a ƙusa.

Ga katunan kyamarori ashirin da huɗu a cikin ambulan, direban motar kayanmu zai kawo miki kamar kullum. Ta takwas ba ta ɗauki komai ba, biri ya juya ta tana kallon sama sati biyu cur. Idan injinki mai tantance hotuna yana son ya koyi girgije, to dama ta samu.

Na ga takardar sakamakon da kuka aiko. Injin ya fara hankali, ba laifi. Bara kututturen nan na bakin rafi sau ɗari uku yana ce masa biri, bana sau biyu kawai. Ni shekara ashirin da shida ina gadin gandun dajin nan ban taɓa gaida kututture ba, amma ba zan yi masa gori ba tunda sabon shiga ne.

Maganar da kika roƙe mu kuma mun kiyaye. Kin ce muna cika miki katuna da hotunan tumbinmu da ƙafafunmu, batir yana ƙarewa, injin yana rikicewa. Yanzu duk wanda zai yi wani aiki a gaban kyamara sai ya fara rataya mata hularsa a ido, in ya gama ya cire. Ni na koya wa sauran, har sun mayar da abin wasa, wai muna sa mata hula kada rana ta dame ta.

Ki rubuto. Kin san nan waya ba ta shiga sai mutum ya hau dutse.

Kawunki

Alhamis, 19 ga Maris

Kawu,

Wa alaikumus salam. Na samu wasiƙarka, na yi dariya har abokan aikina suka juyo. Mama tana lafiya, hawan jinin ya sauka. A gaida Inna. Ban faɗa wa Mama abin da zan rubuta maka yanzu ba.

Jiya shugabarmu ta kira ni ofishinta ta rufe ƙofa. Ta ce manajan gandun ya dakatar da kai daga aiki, an kafa kwamitin bincike. Ta san kai kawuna ne, ta ce gara in ji daga bakinta. Sai ta juyo min da kwamfutarta.

Kyamara ta sha bakwai ce, ranar biyu ga wata, ƙarfe goma da minti hamsin da uku na safe. Mutum ya ba da baya, singileti a jikinsa, gada a kafaɗarsa, ƙafafunta a ɗaure, an nannaɗe kanta da riga. Kafin wannan akwai wani hoton, hannu yana kawo hula kan idon kyamarar. Tsakaninsu minti arba'in babu komai. Manaja ya ce ko a cikin mutum dubu zai gane tsayuwarka.

Bari in sake faɗa maka yadda abin yake, don kada ka ɗauka wani ne ya kai ƙararka. Mun nuna wa injin hotuna sama da dubu ɗari huɗu, kowanne da sunan abin da ke ciki, har ya koyi ganewa da kansa. Idan ya ga mutum da dabba a hoto guda, sai ya ware shi a matsayin farauta, saƙo ya tafi wurin manaja. Bai san ka ba, bai san kowa ba.

Na san rayuwa ta yi tsada, na san irin jinyar da Inna ta sha bara. Idan wani abu ne ya matsa maka, ka faɗa min ni kaɗai. Wallahi ba zan raina ka ba, sai dai mu ga yadda za mu yi. Don Allah ka ba direba amsa idan zai dawo.

'Yarka

Alhamis, 2 ga Afrilu

Kawu,

Assalamu alaikum. Ina fata kana lafiya, da gwiwa da sauƙi, da Inna. Mu lafiya ƙalau.

Direba ya zo jiya da ambulan, na zazzage shi a kan tebur, katuna ne kawai, rubutun da ke bayan ambulan ɗin ma ba naka ba ne. Na bi shi har wurin da ya ajiye mota. Ya ce ya ba ka wasiƙata hannu da hannu, ka karanta a tsaye a ƙofar gida, ka ninke ka sa a aljihu, ka ce masa Allah ya kiyaye hanya. Na ce, "Shi ke nan abin da ya ce?" Ya ce, "Shi ke nan, sai dai fuskarsa ba ta yi min daɗi ba."

Ban san ko fushi kake da ni ba, ko kunyata kake ji. In kunya ce, ni ce ya kamata in ji ta, domin akwai abin da na ɓoye maka.

Na ce maka inji ne ya aika saƙon. Rabin gaskiya ne. Injin yana warewa, amma saƙo ba ya fita sai ɗaya daga cikinmu ya duba ya danna amincewa. Ranar nan ni ce a kan tebur ɗin. Hotuna kusan ɗari biyu ne ke jirana, yawancinsu masu itace da makiyaya a bakin iyaka. Naka ya zo, injin ya rubuta a ƙasa cewa ya tabbata kashi casa'in da takwas cikin ɗari. Na ga babu rigar aiki, na ga dabba a kafaɗa, na danna. Ban kai daƙiƙa biyar a kansa ba. Har na ce wa na kusa da ni, "Yau dai mun kama ɗaya."

Kai ka fara nuna min sawun gada a laka ina 'yar shekara tara, lokacin da Mama ta kawo ni hutu wurinku. Saboda kai na karanci abin da na karanta. Kuma na kalli bayanka ban gane ka ba.

Ko zagi ne ka rubuto min, zan karɓa. Shirun nan ne ba zan iya ba.

'Yarka

Laraba, 15 ga Afrilu

Malamar Inji,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya. Gwiwa ta samu hutun da ba ta nema ba. Innarki ce ta matsa min in rubuta, ta ajiye min biro da takarda kusa da abinci ta ce ba ta ɗauke kwano sai na cika shafi.

Maganar dannawa ba ta dame ni ba. Aikinki kika yi, da ni ne a kujerar da na danna. Abin da ya ƙona min rai shi ne wasiƙarki ta farko. Na karanta ta sau uku ina neman inda kika ce, "Kawu, me ya faru?" Babu. Kin riga kin gama shari'a, kin wuce wurin sassauci. Har da jinyar Inna kika nemo min a matsayin dalili. Manaja ya zarge ni na daure, shi shekara biyu ya san ni. Ke kuwa a hannuna kika koyi tafiya a daji ba tare da karya ƙirare ba.

To ga abin da ya faru, tunda yanzu kin tambaya, ko da ba da baki ba.

Ranar Litinin ɗin, biyu ga Maris, na fita sintiri ni kaɗai. Doka ta ce mu biyu, amma abokin sintirina mahaifiyarsa ba lafiya, ya tafi ba izini, na sa masa hannu a littafi. Kusa da ta sha bakwai na ji kukan gada. Tarkon waya ne ya kama ta a ƙafar baya ta hagu, gefen bishiyar, inda kyamara ba ta kaiwa. Ta yi ta fizga har wayar ta shige nama. Na ga aikin zai ɗauki lokaci kuma dole in jawo ta fili, filin kuma gaban kyamara ne. Ban ko yi tunani ba, hannuna ne ya cire hula ya rataya, kamar yadda na saba.

Na tuɓe rigata na rufe mata ido, don gada in ba ta gani takan lafa. Na ɗaure ƙafafun, don kofatonta yana tsaga mutum kamar reza. Filaya ta ƙi cin wayar, sai da na yi ta murɗawa. Na wanke ciwon da ruwan gorata, na yaga jan hankicina na ɗaure. Wurin da tarko ɗaya yake akwai goma, shi ya sa ban sake ta a nan ba. Na cire hulata, na saɓa ta, na kai ta gangaren rafi na kwance. Ta yi jim, ta tashi da ƙafa uku ta shige ciyawa, ko waiwaye babu.

Wayar na jefa ta cikin tarin wayoyin da ke bayan ofis, akwai sun fi ɗari biyar a wurin, je ki gane tawa. Ban rubuta a littafi ba, domin in na rubuta za a kira abokina a yi masa tambayoyi, asirinsa ya tonu. Da manaja ya kira shi daga baya, kin san me ya ce? Wai mun rabu a bakin rafi, shi bai ga komai ba.

Na faɗa wa manaja duk wannan, ban da maganar abokin nawa. Ya ce, "Baba, mai gaskiya ba ya rufe kyamara." Na ce ofishinku ne ya ce mu rufe. Ya ce shi bai ga haka a rubuce ba. Ya sa aka buga hoton babba aka manna a allon sanarwa na bakin ƙofa, wai ya zama darasi. Wani ya ɗauka da waya, yanzu babu gidan da bai shiga ba a unguwarmu.

Kwamiti zai zauna biyar ga Mayu. An aiko min a asirce wai in rubuta takardar ajiye aiki a rufe maganar, in tafi da haƙƙina. Ban rubuta ba. Aikin ba shi ne damuwata ba, shekara uku suka rage min. Mafarauci nawa na kama da hannuna? Yau su ne suke yi min sannu a kasuwa suna murmushi. Ba ni da gona, ba ni da gida nawa na kaina. Sunan nan shi kaɗai na tara.

Kawunki

Alhamis, 16 ga Afrilu

Kawu,

Wa alaikumus salam. Ina rubutawa da sauri, direba yana jira a waje yana min hon. A gaida Inna, a ce mata Allah ya saka.

Ka yi gaskiya, ban tambaya ba. Na ga lamba a ƙasan hoto na yarda da ita fiye da kai. Ka yafe min, ba ni da abin kare kaina.

Da safen nan na shiga wurin shugabarmu na ce mata maganar hula daga gare ni ta fito, kuma ban taɓa rubuta ta a takardar ofis ba, a wasiƙa na roƙe ka kamar yadda 'ya take roƙon kawunta. Ta dafe kai ta ce, "Kin san kin canza tsarin aikin gandun gaba ɗaya ba wanda ya sani?" Za a ba ni takardar gargaɗi, ban damu ba. Ta sa hannu a bayanin da na rubuta wa kwamiti. Amma ta faɗa min gaskiya, wannan yana bayanin hula ne kawai, bai nuna gadar tana da rai ba.

Akwai abin da ya fi ci min rai. Tun kafin ka iso, kyamarar ta ɗauki hotuna kusan sittin na ciyawa tana kaɗawa a gefe ɗaya, lokacin da gadar ke fizga. Ƙila akwai wanda wayar tarkon ta fito a ciki. Injin ya ce babu komai a cikinsu, kuma irin waɗannan ana share su bayan kwana talatin. Katin ma an goge an mayar daji. An share su ran uku ga wata. Da na yi maka tambayar da ta dace a watan jiya, da suna hannuna.

Saura hanya ɗaya. Duk hoton da injin bai kai kashi sittin na tabbaci ba yana jefa shi wata ma'ajiya da muke kira "ban sani ba". Ba mai buɗe ta. Bai taɓa ganin gada mai ƙafa uku da jan ƙyalle ba, in ta wuce gaban wata kyamara, ina kyautata zaton can ya jefa ta. Hotuna dubu talatin da ɗaya ne na watan Maris. Zan bi su ɗaya bayan ɗaya da idona.

Don Allah kada ka rubuta takardar nan. Ko me suka ce maka, kada ka sa hannu.

'Yarka

Alhamis, 30 ga Afrilu

Kawu,

Assalamu alaikum. Lafiya lau muke, sai idona da ya yi ja, Mama tana ta faɗa wai zan makance a kan birai. Dole na faɗa mata komai. Ta yi kuka, sannan ta zage ni tas, ta ce ita ko a mafarki ba za ta zarge ka ba.

Kawu, na same ta.

Kwana goma sha biyu ina dubawa, lokacin cin abincin rana da ranakun hutu. Na ga wutsiyoyi, na ga hancin gadu ya cika hoto, na ga gizo-gizo ya yi saƙa a kan gilashi. Shekaranjiya da hantsi, a hoto na dubu ashirin da biyu da wani abu, sai ga ta. Kyamara ta ashirin da ɗaya, can ƙasan rafi, ranar bakwai ga Maris, kwana biyar bayan ka sake ta. Tana shan ruwa, ta ɗage ƙafar baya ta hagu, jan ƙyallen ya yi datti amma yana nan. Kunnenta na dama yana da tsaga, kuma a hotonka kunnen ya leƙo ta ƙarƙashin riga da tsagar nan. Injin ya ce kashi arba'in gada ce, kashi talatin tsuntsu. Na yi ihu har mai shara ta yar da tsintsiya.

Na buga hotunan guda uku, suna cikin wannan ambulan, kwafi kuma ya tafi wurin kwamiti da sa hannun shugabarmu. Ta kuma yarda daga yau babu saƙon farauta da zai fita sai mutum biyu sun duba, an kuma tambayi na daji.

Direba ya ce bai same ka a gida ba wancan zuwan, Inna ya ba wa wasiƙar. Ban san ko ka karanta ba, ban san ko ka riga ka sa hannu ba. Ka aiko min ko da layi ɗaya.

'Yarka

Laraba, 27 ga Mayu

'Yata,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, Innarki tana gaishe ki, ta ce ki nemi maganin ido. Ki yi haƙuri da jinkiri, na fara wasiƙar nan sau biyu ina yagawa.

Ban sa hannu ba. Na yafe miki kuma tun ranar da kika ce ke kika danna, don mai faɗin irin wannan ba a riƙe shi a zuciya. Hoton gadar yana cikin aljihuna. Ta rame, amma tana sha da kyau.

Kwamiti ya zauna, minti ashirin aka yi. Suka jera hotunan a tebur, ɗaya ya ciro tabarau ya duba kunnen, ya ce shi ke nan. Abokin sintirina da kansa ya miƙe ya faɗi inda yake ranar, an ba mu gargaɗi ni da shi. Manaja ya kira ni ofishinsa ya ba ni takarda a cikin ambulan a liƙe, ya ce an wanke ni, in koma aiki Litinin. Na ce masa, "Ranka ya daɗe, a manna wannan a allon da aka manna hoton." Ya ce takardar ma'aikaci sirri ce, doka ba ta yarda ba. Hoton dai an cire shi, saura alamar gam a kusurwa huɗu.

Na koma aiki. Masu gaishe ni suna gaishe ni. Na nuna wa mutum biyar ko shida hoton gadar a wurin mai shayi, suka ce Allah mai iko, ɗaya ya ce ai da ma 'yata ce a ofishin, ita ta gyara min. Tun daga nan na daina nunawa.

Ranar Asabar da la'asar ina zaune a ƙofar gida ina wanke takalmin aiki, sai ga matar maƙwabcinmu na ƙarshen layi. Shekara goma sha biyar muna tare, ni na kai mijinta asibiti lokacin da ya karye. Ta gaishe ni da ladabi, ta yi min murnar komawa aiki. Sannan ta duba hagu da dama, ta rage murya ta ce, "Baba, 'yata ce mai ciki take ta kwaɗayin naman daji. In an sake samu a tuna da mu, ba mai ji."

Ba da mugunta ta faɗa ba, 'yata, abin da ya fi yi min ciwo ke nan. Takardar tana cikin ɗaki, taku biyar daga inda nake zaune. Na duba fuskarta na ga ko na karanta mata ita sau goma, za ta ce to, ta dawo wani satin. Innarki tana bayan labule tana ji, ban iya juyawa na kalle ta ba.

Na ce mata babu. Ta ce ba komai, za ta jira.

Kawunki